Abincin da ya zo a makare, da amsar da aka ba ni da na kira su

Maman Sadiq, Manchester:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ba tare da na sa baki ba, amma abin da ya same ni ranar Juma'ar da ta wuce ya hana ni sukuni, kuma ina so in ji shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan ta Birtaniya kafin in yi wani motsi.

Surukata ta iso daga Kano ranar Alhamis, ni kuma ranar Juma'a na wuni a wurin aiki, ban shigo gida ba sai wajen ƙarfe bakwai, a gajiye liƙis. Da yake Hajiya ta sha gaya mana cewa tun tana budurwa take jin sunan biriyani a finafinan Indiya amma ba ta taɓa cin wanda masu shi suka dafa ba, sai na ga dama ce ta samu in faranta mata rai. Na buɗe manhajar sayen abinci, na zaɓi wani gidan abincin Indiya da ba shi da nisa da mu, na sayi biriyanin rago guda biyu, kaza a miyar korma saboda yara, miyar alayyafo, gurasar naan guda huɗu da samosa. Kuɗin gaba ɗaya ya kama fam 71 da kwabo 50. A wurin da ake rubuta bayani na rubuta dalla-dalla cewa ɗana Sadiq, mai shekara 9, jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa da almon da kashu, domin idan ya ci numfashinsa sarƙewa yake yi, kuma kullum da allurar gaggawa muke yawo.

An ce abinci zai iso ƙarfe takwas, bai iso ba sai tara da minti ashirin. Da na buɗe mazubin biriyani na farko, shinkafar saman ta bushe ƙayau, ta tsakiya kuma da sanyinta kamar yanzu aka ciro ta daga firiji. Na sa cokali na tona har ƙasa, yanka uku na tarar, biyu daga ciki ƙashi ne da ɗan kitse a jiki. Gurasa biyu suka sako maimakon huɗu. Duk wannan da na haƙura, domin girki yakan yi gardama ko a hannun gwani. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne da na ɗaga murfin korma na ga an barbaɗa yankakken almon a samanta fari fat, ga Sadiq a tsaye kusa da ni da farantinsa a hannu.

Na kira lambar gidan abincin, na gaishe da wanda ya ɗauka, na fara bayani cikin ladabi. Ban kai ƙarshen maganata ba ya katse ni, ya ce ku mutanen nan kullum haka kuke yi, sai kun cinye abinci sannan ku kira a mayar muku da kuɗi. Na ce masa ko cokali ɗaya ba a ci ba, kuma zan iya aika masa hoto yanzu. Sai ya tambaye ni daga wace ƙasa nake. Na ce me ya haɗa ƙasata da almon a cikin abincin yaro? Ya ce ya ji muryata, ya san irinmu, ya kashe waya.

'Yata babba tana jin duk abin da ake yi. A nan aka haife ta, Turancinta irin na yaran Manchester ne. Ta ɗauki wayarta ta kira lambar, mutumin nan dai ya ɗauka, ta faɗa masa abin da na faɗa kusan kalma da kalma. Da kunnena na ji yana ba ta haƙuri, yana cewa wannan babban kuskure ne, yanzu zai sa a dafa wani a kawo. Ya nemi lambar odar, ta karanta masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ai ya riga ya gama magana da mu, ya sake kashe waya. A daren nan taliya na dafa wa baƙuwata da ƙarfe goma. Ba kuɗin ne ke ci mini rai ba, kallon da yarinyar nan ta yi mini bayan ta ajiye waya shi ne ya ƙi barin idona.

Nasiru, Coventry:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya tsare mana Sadiq, Ya ba ki haƙuri. Ni wannan labari bai ba ni mamaki ba ko kaɗan, domin na yi shekara uku ina karatu a Indiya kafin in zo nan, kuma na san yadda ake kallon baƙar fata a can. Ina ƙasar a watan Maris na 2017 lokacin da gungun mutane suka far wa ɗalibai 'yan Najeriya a Greater Noida, kusa da Delhi, suka bi wasu har cikin babban kanti suna duka, saboda jita-jitar da aka yaɗa bayan mutuwar wani matashi ɗan unguwar. Har jakadun ƙasashen Afirka da ke Delhi sai da suka fitar da sanarwa suka kira abin da sunansa, wato ƙyamar baƙi da wariyar launi. Neman gidan haya kansa wahala ne, mai gida yana jin ka ce Najeriya sai ya ce an riga an kama ɗakin. Mu a Arewa mun tashi da ƙaunar mutanen nan, iyayenmu sun haddace waƙoƙinsu ba tare da sun san ma'anarsu ba, amma ƙaunar daga ɓangare ɗaya take. Shawarata ita ce ki faɗi sunan wurin a nan, mu taru mu rubuta musu sharhi mai zafi, kuma mu daina kai kuɗinmu gidajen abincinsu gaba ɗaya.

Baba Ibrahim, Landan:
'Yata, sannu da wannan ɓacin rai. Abin da aka yi miki cin fuska ne, kuma ba zan nemi in sassauta shi ba. Amma Nasiru, ɗana, ina so ka tsaya ka saurare ni, domin maganarka ta ɗauki hanyar da mai wayar nan ya bi.

Da farko, akwai yiwuwar wanda ya yi mata wannan magana bai taɓa taka Indiya ba. Mafi yawan gidajen da ake kira na abincin Indiya a Birtaniya 'yan asalin Bangladesh ne suke da su, akasarinsu daga yankin Sylhet, wasu kuma 'yan Pakistan ne, kamar yadda duk wanda ya bi titin Wilmslow a Rusholme da ke can Manchester ko unguwannin masu sayar da miyar balti na Birmingham ya sani. Sunan Indiya suna ne na kasuwa da ya samo asali tun kafin a raba ƙasar a 1947, har ma gidan farko irin wannan wani ɗan Indiya mai suna Sake Dean Mahomed ne ya buɗe shi a Landan a 1810. Saboda haka idan muka ce za mu hukunta Indiyawa, muna iya dukan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Na biyu, na zo ƙasar nan a farkon shekarun 1980, na zauna a gabashin Landan, kuma na ga abin da mutanen nan suka sha da idona. A lokacin ba a daɗe da kashe Altab Ali ba, matashin nan ma'aikacin ɗinki da aka daɓa wa wuƙa a Whitechapel a 1978 saboda launin fatarsa, wanda yanzu akwai filin shaƙatawa mai sunansa a wurin. Daren Juma'a da Asabar, idan aka tashi daga mashaya, sai a cika gidajen abincinsu, a ci a zage su, wasu su gudu ba su biya ba, su kuma su sunkuyar da kai domin abincin 'ya'yansu yana wurin. Wani dattijo a cikinsu ya ciyar da ni bashi wata biyu lokacin da kuɗin karatuna suka maƙale a gida, bai taɓa rubutawa a takarda ba. Ba na kawo wannan don in wanke mai laifi ba. Hasali ma shi ne ya sa abin ya fi yi mini ciwo, domin wanda iyayensa suka san ɗacin a ce musu “ku mutanen nan” bai kamata kalmar ta fito daga bakinsa ba. Abin da nake cewa shi ne kada mu yi musu kuɗin goro. Mutum ɗaya ne ya ɗauki waya, gida ɗaya ne ya ɗauke shi aiki, a can ya kamata maganar ta tsaya.

Abdulƙadir, Leeds:
Allah Ya ƙara girma Baba. Yaya, ki gafarce ni idan abin da zan faɗa bai yi miki daɗi ba, amma na yi shekara biyu ina aiki a bayan irin waɗannan gidaje lokacin ina ɗalibi, na wanke tukwane, na yanka albasa buhu-buhu, daga baya na koma kai saƙo, don haka ina so in bayyana yadda abin yake daga ciki.

Ba a dafa kowace miya daga farko. Da rana ake haɗa babbar tukunya ɗaya ta romon albasa da tumatir da kayan ƙamshi, a dafa nama da kaza a ajiye, a dafa shinkafa a sanyaya. Idan oda ta shigo, mai girki ya ɗebi ludayi biyu na romon nan a kasko, ya ƙara abin da zai bambanta wannan miya da waccan, cikin minti biyar ya juye. Biriyanin da ake sayarwa a yawancinsu ba irin wanda ake jera shinkafa da nama a rufe tukunya ya turara ba ne, soya dafaffiyar shinkafa ake yi da nama a kasko. Idan aka yi gaggawa, sai ki samu abin da kika samu, sama a bushe ciki da sanyi. Daren Juma'a kuwa na'urar da ke fitar da takardun oda ba ta yin shiru, takardu har ƙasa suke zuba, kuma bayanin da mai saye ya rubuta yana fitowa ne a can ƙasa da ƙananan haruffa. Shi ya sa ake gargaɗin duk mai irin lalurar Sadiq da ya kira gidan abinci da bakinsa kafin ya biya, kada ya dogara da rubutu. Sannan korma asalinta da garin almon ko kwakwa ake ɗaure ta, ko da ba a barbaɗa komai a sama ba, ba abincin Sadiq ba ce.

Game da maganar waya kuma, akwai abin da ya kamata a sani. Kamfanonin manhaja suna cire kaso mai tsoka daga kowace oda, kuma idan mai saye ya ce abinci bai yi ba, sau da yawa daga aljihun mai gidan ake zare kuɗin. Akwai mutanen da suka mai da wannan sana'a, su ci su ƙoshi su ce ba a kawo ba, kuma na ga masu yin haka daga kowane launi. Mai ɗaukar waya yakan kai ƙarfe tara ransa a dagule. Ba mamaki da kika kira yana cikin wannan hali, da 'yarki ta kira ya ɗan huce, da ya ji lambar kuma ya tuna rigimar farko. Ina jin tsoron mu yi saurin kiran abu wariya alhali rashin tarbiyya ne da gajiya.

Maman Sadiq, Manchester:
Abdulƙadir, na gode, kuma na karɓi gyara a kan abu ɗaya. Ban san cewa da almon ake ɗaure korma ba, kuma ya kamata in kira kafin in biya. Wannan sakacina ne, na kwana ina tuhumar kaina a kansa. Amma a jerin abincinsu babu inda aka nuna abin da ke cikinta, kuma tunda sun karɓi odar da bayanina a jiki, abin da ya dace shi ne su kira su ce wannan miya ba za ta yiwu ba.

Inda ban yarda da kai ba shi ne batun gajiya. Tsakanin kirana da na 'yata bai fi minti biyar ba. Ni ma aikin mutane nake yi, na san gajiya, na san yadda mutum yake ji idan an tsaya a kansa awa goma sha biyu. Mai gajiya yakan yi tsawa, yakan ce ba shi da lokaci, yakan ma kashe waya. Gajiya ba ta sa mutum ya tambayi ƙasarka, ba ta sa ya ce ya san irinku. Wannan magana tana zaune a cikinsa tun kafin in kira, muryata ce kawai ta buɗe mata ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shekara goma sha tara ina jin yadda murya take sauyawa a ɗaya gefen waya da zarar na buɗe baki.

Hajiya Rabi, Birmingham:
Maman Sadiq, sannu. Aikina ya shafi taimaka wa mutane rubuta ƙorafi, don haka bari in raba miki maganar gida uku, domin kowanne da ƙofar da ake bi, kuma idan aka cakuɗa su sai mai laifi ya amsa mafi sauƙi ya bar sauran.

Batun kuɗi shi ne ƙarami. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce abin da aka sayar dole ya dace da yadda aka siffanta shi kuma ya kasance mai inganci gwargwado. Abinci mai sanyi da gurasar da ba ta cika ba sun saɓa wa wannan. Ki shigar da ƙorafi ta manhajar da hotuna, idan suka ƙi, ki nemi bankinki ya janyo kuɗin daga katin da kika biya da shi.

Batun almon ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Doka ta lissafa abubuwa 14 da dole mai sayar da abinci ya sanar idan suna ciki, gyaɗa da dangin almon suna daga cikinsu, kuma idan ta waya ko intanet aka saya, wajibi ne bayanin ya samu kafin a biya da kuma lokacin da aka kawo. Wannan ba ƙa'ida ce ta takarda kawai ba. A 2014 wani mutum a Arewacin Yorkshire ya rasu bayan ya ci miyar da ya saya, alhali an rubuta a murfin cewa babu gyaɗa, saboda mai gidan ya sauya garin almon da wani mai araha wanda ke da gyaɗa a ciki. A 2016 kotu ta ɗaure mai gidan shekara shida. Ki kai rahoto sashen kula da tsabtar abinci na ƙaramar hukumarku, za ki iya yi ta shafinsu cikin minti goma. Ba don ramuwa ba, don yaron wata ne wanda uwarsa ba za ta ɗaga murfi ta duba ba.

Na uku shi ne wanda Abdulƙadir yake shakka a kai. Dokar daidaito ta 2010 ta hana duk mai sayar wa jama'a kaya ko yi musu hidima ya bambanta mutum saboda launinsa, ƙasarsa ko asalinsa, kuma ba ta ce sai Bature ne zai iya aikata laifin ba. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi wa wani da ke cikin hali iri ɗaya abin da ya fi naka. Yawanci wannan ne ke da wuyar samu, domin mutum ba ya ganin yadda aka karɓi wanda ya kira bayansa. Ke kuwa Allah Ya kawo miki shi cikin gidanki: ƙorafi ɗaya, abinci ɗaya, mutum ɗaya, minti biyar a tsakani. Abdulƙadir, ka lura cewa abin da ya faru bayan an karanta lambar odar ba shi ne hujja ba. Hujjar tana cikin jumlar farko da ya faɗa wa kowacce kafin ya san komai a kanta, ɗaya ya ce mata maƙaryaciya, ɗaya ya ba ta haƙuri. Kuma a tsarin dokar, idan mai ƙara ya kawo abin da zai sa a yi zaton wariya, nauyin kawo wani bayani yana komawa kan wanda ake ƙara.

Yau ɗin nan ki zauna ke da 'yarki, kowacce ta rubuta abin da ta ji daban, da lokaci, ku ɗauki hoton jerin kiran da ke wayoyinku. Sannan ki rubuta wa mai gidan wasiƙa, ba mai ɗaukar waya ba, ki ba shi kwana 14. Wa'adin kai irin wannan ƙara kotu wata shida ne daga ranar da abin ya faru, ko da ba ki da niyyar zuwa, ki riƙe ranar. Citizens Advice, ƙungiyar da ke taimaka wa jama'a kan haƙƙoƙinsu, suna ba da shawara kyauta.

Nasiru, Coventry:
Baba, na ji maganarku kuma na janye batun ƙaurace wa kowa da kowa, domin gaskiya ne ban san ko wane ne mutumin ba. Amma ina roƙon kada a ce mu yi shiru don su ma an taɓa zaluntarsu. Abin da na gani shi ne akwai tsani a zukatan mutane da yawa, Bature a sama, su a tsakiya, mu a ƙasa, kuma wanda ke tsakiya yakan fi tsananta wa na ƙasa don ya tabbatar wa kansa matsayinsa. Har a masallatan da muke sahu ɗaya da su, sau nawa aka ba ɗan Afirka limanci ko aka sa shi cikin kwamiti? Idan ba a faɗa ba, ba za a gyara ba.

Baba Ibrahim, Landan:
Ban ce a yi shiru ba, Nasiru, kuma tsanin da ka ambata na san shi, na hau matakalarsa ta ƙasa shekara arba'in. Abin da na ƙi shi ne mutum hamsin da ba su ci abincin ba su je su rubuta sharhi kamar sun ci. Wannan shaidar zur ce ko da a kan mai laifi aka yi ta, kuma za ta ba shi damar cewa taron dangi aka yi masa, maganar 'yata ta gaskiya ta nutse a ciki. Ita da abin ya sama ta rubuta nata da sunanta, ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Shi ya sa ma nake ganin daidai ta yi da ba ta ambaci sunan wurin a nan ba.

Abdulƙadir, Leeds:
Hajiya Rabi, na sake karanta bayaninki sau biyu, kuma na yarda cewa jumlar farko ita ce ma'auni. Akwai abin da ban faɗa ba ɗazu, wanda ya kamata in faɗa. A ɗaya daga cikin wuraren da na yi aiki, idan oda ta shigo daga wasu unguwanni ko da wasu irin sunaye, akan ce a ɗauki hoton ledar kafin ta fita, wasu kuma ba a ɗauka. Ba wanda ya taɓa bayyana dalili, kuma ni ban taɓa tambaya ba, domin ina buƙatar aikin. A lokacin na ɗauke shi a matsayin taka-tsantsan na kasuwa. Da na karanta labarin Yaya sai na gane cewa tun kafin a ɗora kasko an riga an yanke wa wasu hukunci.

Maman Sadiq, Manchester:
Jama'a, na dawo da bayani bayan kwana goma sha ɗaya. Na bi shawarar Hajiya Rabi. Manhajar ta mayar mini da kuɗin korma da gurasa biyu kawai, fam 16 da 'yan kai. Daga ƙaramar hukuma wata jami'a ta kira ni, ta yi mini tambayoyi masu yawa a kan abin da na rubuta a odar da abin da ke jikin murfin, ta nemi hotuna, ta ce za su ziyarci wurin.

Jiya da yamma mai gidan ya kira ni da kansa. Dattijo ne, ya yi mini sallama, ya kira ni 'yar'uwa, ya tambayi lafiyar yaron har sau biyu, kuma na ji a muryarsa cewa batun almon ya girgiza shi. Ya ce zai mayar da sauran kuɗin gaba ɗaya, kuma yana so ya aiko mana da abinci kyauta. Na gode masa, na ce abincin a bar shi. Sai na tambaye shi batun maganar da aka faɗa mini. Ya ce ɗan ƙanensa ne, yaro ne mai zafin kai, haka yake yi wa kowa, kuma su Musulmi ne, ba su san wariya ba. Na ce masa ba haka ya yi wa 'yata ba. Ya yi shiru, sannan ya ce idan raina ya ɓaci in yi haƙuri, ya koma maganar kuɗi.

Na ajiye waya ban san abin da nake ji ba. Mutumin ya girme ni, ya yi mini magana da mutunci, kuma a tarbiyyar da aka yi mana idan babba ya ce ka yi haƙuri magana ta ƙare. Hajiya surukata ma abin da ta ce ke nan. Amma 'yata ta tambaye ni ko ya yarda cewa abin da aka yi mini saboda muryata ne, na ce bai yarda ba, ta ce to a kan me ya ba da haƙuri. Na rubuta wasiƙa ta biyu, gajera, ina neman abu biyu: ya amsa a rubuce cewa tambayar ƙasata da cewa an san irinmu kuskure ne, kuma ya faɗa mini abin da zai yi don kada a maimaita wa wani. Ban aika ba tukuna. Hajiya Rabi, idan kina da lokaci ina so ki duba mini ita.

Hajiya Rabi, Birmingham:
Turo mini ita ta akwatina yanzu, zan duba bayan sallar isha'i. Ki ƙara sakin layi ɗaya a farko da zai nuna kin yaba da kiran da ya yi da kuma damuwarsa a kan Sadiq, domin gaskiya ne ya yi hakan, kuma zai sa ya karanta sauran da zuciya a buɗe. Ki rubuta ranar da ya kira da abin da ya faɗa tun kina tune da kalmominsa. Idan kuɗin suka shigo ki karɓa, haƙƙinki ne, amma kada ki sa hannu a kan wata takarda da ta ce magana ta ƙare sai kin nuna mini ita.